Modem Ɗin Jiddo Ba Na Yanka Ba Ne

"Lafiya lau, Jiddo. Kai ne dai na ga ka ƙara tsufa daga Juma'a zuwa yau."

Abu Ghassan bai ɗago ba. Yana zaune a ɗakin saman gidansa na Ajlun a ƙasar Jodan, inda ya shekara arba'in yana hira da duniya ta rediyon oba-oba. Jibi zai koma Amman gidan ɗansa, kuma an gaya masa akwati biyu kawai mota za ta ɗauka. Jikarsa Rawan, wadda ta gaje shi a harkar rediyo, ta tsaya tana ƙyalla ido.

"Ungulu ta sauka tun ban mutu ba. Me kika zo ɗauka?"

"Wancan modem ɗin da ya girmi babana."

"Ƙarya kike! Babanki na da gemu na sayo shi."

"To, sa'an haƙoranka na roba ne. Farke shi zan yi, in ciro ƙaramin taransifoman cikinsa, in haɗa rediyo da kwamfuta. Saƙo zai tafi ko babu sabis."

"Farkewa? An gaya miki ragon layya ne?"

"Rago ai yana da amfani. Wannan shekara ashirin ƙura kawai yake ci."

"Ke ma shekara ashirin da biyar kina cin zaitun ɗina, wa ya farke ki?"

Ya jawo modem ɗin, tsohuwar na'urar shiga intanet ta layin wayar gida, ya ɗora a cinya, ya goge shi da hannun riga. Da shi ya karanta wasiƙar farko da 'yarsa ta aiko daga Kanada. Ya tuna ƙararsa kamar ana shaƙe kyanwa, da matarsa marigayiya tana ƙwala masa kira daga ƙasa wai ya sakar mata wayar, za ta kira yayarta.

"Kakarki ta tsane shi," ya ce a hankali. "Sau biyu tana ɓoye shi a buhun alkama."

"Allah ya jiƙan Teta, ita ce mai hankalin gidan."

"Shi ya sa ba ki biyo ta ba."

"Jiddo, in ban ɗauka ba, mai gwangwan zai auna shi a sikeli. Ni kuwa sai na sa ya sake magana."

Tsohon ya miƙa mata, ya haɗa da sukundirebansa mai jan ƙota, sannan ya tuntsire da dariya.

"Tafi da shi, ɓarauniya. Amma saƙon farko ki aika wa abokina Abu Fawwaz a Karak. Mutumin nan shekara talatin yana rantsuwa shi zai gaji eriyata. Ki ce masa ya huta, jikata ta riga shi."