Ranar da Sarkin Ruwa Rodney Ya Juya Jirgi

Duk faɗin Ingila, in ana lissafin mazajen ruwa, da Mista Rodney Platt ake farawa. Shi da kansa ya sha faɗin haka, ba a kuma taɓa musa masa ba, don ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana. Shekara talatin ya yi yana sayar da darduma a garin Stoke. Da ya bar kasuwa sai ya gano ashe jinin matuƙa ke yawo a jikinsa. Ya sayi siririn jirgin mashigi mai tsawon ƙafa sittin, ya raɗa masa suna Guguwar Teku, ya ɗora farar hula mai zaren zinariya. Maƙwabta suka naɗa shi Sarkin Ruwa, ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, bai ji dariyar da ke cikinta ba.

Ruwan da yake mulki dai, wata siririyar hanyar ruwa ce da aka haƙa, in ka faɗa ciki miƙewa kawai za ka yi, iyakarsa ƙirji.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, shugabancin ƙungiyar masu jirage ta garin. Misis Oakes, tsohuwar da ta daɗe a kujerar, za ta sauka, kuma wanda ta nuna shi ake zaɓa. Saboda haka ran Asabar ya gayyace ta yawon yini guda, ta ga gwaninta da idonta. Matarsa Maureen ta soya tsiran alade, ta haɗa shayi, ta kwance igiya, ta tura jirgin daga gaɓa. Shi kuwa ya ɗauki aiki mafi nauyi, ya kama sandar tuƙi ya ɗaga haɓa.

"Hajiyar ruwa," in ji shi, yana yi wa baƙuwar murmushi, "ki riƙe da kyau. Guguwa ba ta san wasa ba."

Guguwa ta tashi. Wata mata mai jan gurgun kare a bakin gaɓa ta gaishe su, ta wuce su, ta ɓace musu. Agwagi ma sai da suka gaji da jira suka kewaye.

Da suka iso ƙofar ruwa, inda ake rufe jirgi a cika ruwa ya ɗaga shi sama, Maureen ta dira ƙasa. Ta murɗa ƙarfe, ta sa baya ta tura ƙaton katakon ƙofar, gumi na zuba. Maigida yana tsaye yana ba da umarni da yatsa ɗaya. Ya juya ya shiga koya wa Misis Oakes yadda ƙofar ke aiki, ita da aka haifa a cikin jirgin dakon gawayi. Yana tsakiyar darasi hancin jirgin ya daki ƙofa, butar shayi ta kife a cinyar baƙuwa.

"Igiyar ruwa ce," ya ce. "Wanda bai san teku ba sai ya tsorata."

"Haka ne," in ji tsohuwa, tana matse siket.

Da la'asar lokacin komawa ya yi. Maureen ta leƙo ta ce, "Rodney, wurin juyawa yana gaba, mil ɗaya kacal."

"Wannan na 'yan koyo ne, uwargida. Ki zuba ido."

"Jirgin ya fi ruwan faɗi fa."

"Ke dai ki kula da kofuna."

Ya tura sanda iyakar ƙarfinsa, ya ba inji wuta. Guguwar Teku ta karkace, ta cusa hanci cikin laka a waccan gaɓa, gindinta ya cije a wannan. Ta yi ƙememe. Ya ja baya, ta ƙi. Ya yi gaba, ta ƙara nutsa. Ya ɗauko doguwar gora ya tokare, gorar ta kafe a laka ta zauna can abinta. Kafin rabin awa jirage bakwai sun yi layi ta gabas, biyar ta yamma, kowa ya fito kan rufi da kofin giya yana kallo.

"Kyaftin!" wani ya ƙwala. "A nan za mu yi Kirsimeti ne?"

Rodney ya gyara murya ya sanar da jama'a cewa komai yana tafiya bisa tsari.

Misis Oakes ta rataya jaka, ta sumbaci Maureen a kunci, ta ce, "Sannu da haƙuri, 'yata." Ta bi ta hancin jirgin ta taka tudu, ta nufi tashar bas. Daga can ta waiwayo. "Taron zaɓen ran Litinin ne, Rodney. Kada ka wahalar da kanka."

Bai gama haɗiye wannan ba sai ga wani dattijo da jakar cefane. Ya dubi jirgin, ya dubi gidan giyar da ke tsallake, ya hau ta gindi, ya bi gefe a hankali har ya sauka ta hanci. Mata biyu suka biyo shi, sai mai keke, ya saɓa kekensa a kafaɗa. Sarkin Ruwa yana ta matsawa yana ba su hanya.

Can dattijon ya dawo, yana warin giya, ya kama hannun Rodney ya girgiza da gaske.

"Allah ya yi maka albarka, yallaɓai," ya ce. "Shekara arba'in muna roƙon a yi mana gada a nan. Gobe ma kana nan?"