Nomau da Wayarin Tirelar Albasa

A ƙauyenmu na Fadamar Bauje akwai wani mutum ana ce da shi Nomau. Ba yaro ba ne, don har furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma Allah ya yi shi da wata irin zuciya: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ƙari ba ragi. Yana zaune a gidan wansa Sallau, tare da Hansai matar Sallau, da tsohuwarsu Iya, wadda idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Nomau ne mai ɗebo ruwa, shi ne mai faskare, shi ke kama hannun Iya ya mayar da ita inuwa in rana ta cim mata. Hansai kuwa ba ta kiransa da komai sai "angona," shi kuma duk lokacin da ta faɗa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ke ta Yaya ce."

Sallau ya daɗe yana tuƙi a birni kafin ya dawo gida da wata tsohuwar ƙaramar mota. A shekarar da nake ba ku labari albasarsu ta yi kyau ƙwarai, amma masu motocin haya sun ƙi shigowa saboda lalacewar hanya, ga albasa ta fara tsiro a rumfa. Sai Sallau ya sa mai walda ya kafa wa motar ƙarfen jan kaya a baya, mai rami da ƙatuwar ƙusa, ya kuma ƙera masa 'yar tirela mai taya biyu. Saura wayarin. Dole a ja waya daga fitilun bayan mota zuwa na tirela, yadda in ya taka birki ko ya sa sigina, wanda ke biye da shi zai gani. In babu haka, babbar mota na iya bi ta kansu a titi. Sallau ya ce da hannunsa zai yi, Nomau ya ce shi ne mai miƙa kaya.

Wata rana Sallau yana kwance a ƙarƙashin mota tun hantsi. Ya ja jar waya ta birki, da rawaya da koriya na sigina, ya bi da su ta jikin ƙarfe yana naɗe su da salatif. Yana cikin ɗaure ta ƙarshe sai wayarsa ta hannu ta fara kuka a kan tabarma. Ta yi shiru, ta sake. Hannunsa duk baƙin mai, sai ya ce, "Nomau, katse mini wayar nan, ta dame ni." Nomau ya ce, "Wacce, Yaya?" Sallau ya ce, "Wadda kake gani mana!" Nomau ya duba, abin da ke gaban idonsa wayoyi uku ne suna reto a bayan mota. Ya ɗauki filaya, ƙat, ƙat, ƙat. Ya leƙa ƙarƙashin motar yana murmushi ya ce, "Ban san wadda ta dame ka ba, sai na katse duka." Sallau ya yi kwance yana kallon ƙasan mota, ita kuwa wayar hannu tana ta kukanta.

Wata rana kuma, bayan an sake jan wayoyin, Sallau ya murɗa makulli don ya gwada fitilu, mota ta yi ƙiris-ƙiris ta mutu. Ya ce, "Batirin nan ya yi sanyi." Ya kwance shi ya ajiye a zaure, ya tafi neman aron wani. Da ya dawo bai ga batir ba. Hansai ta rufe baki da gefen zani ta nuna masa tsakar gida. Ga batir nan a kan tabarma cikin rana, an lulluɓe shi da bargon Nomau, ga ƙoƙon kunu mai zafi a gefensa. Nomau yana zaune ya ɗora hannu a kansa yana ce masa, "Sannu. Yanzu za ka ji dama." Sallau ya buɗe baki zai yi faɗa, sai Iya ta riga shi daga bakin ƙofarta. Ba ta kiran sunansa, da yake ɗan fari ne, sai ta ce, "Kai mai mota, ƙyale shi. Haka ya yi mini lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, har da kunun, kuma ga ni na tashi." Sallau ya ɗauki ƙoƙon ya shanye kunun, ya ce ai marar lafiyar ba ya iya sha.

Wata rana aka zo gwajin fitilar birki. Sallau ya ce, "Tsaya a bayan tirela. Zan taka birki. In ka ga wuta ta kama, ka ɗaga murya ka faɗa, yadda kowa zai ji." Ya shiga ya taka. Jajayen fitilu biyu suka haska. Nomau ya yi tsalle don murna, ya ɗora hannu a baki ya kwarma, "Wuta ta kama! Wuta ta kama a gidan Sallau!" Da yake an ce kowa ya ji, sai ya bi lungu da gudu yana maimaitawa har bakin rijiya. Kan ka ce me, mata sun fito da tuluna, maza da bokitai. Sallau ya zuro kai ta tagar mota don ya ga abin da ke faruwa, sai wata maƙwabciya ta sheƙa masa ruwan wanke-wanke a fuska. Aka jiƙa kujeru, aka jiƙa wayoyi, fiyus ya ƙone. Mutane suka watse suna dariya, wasu har da riƙe ciki.

A ranar kam Sallau ya hasala. Ya tuna albasar da ke lalacewa, ya dubi ƙaninsa ya ce, "Kada in ƙara ganin fuskarka kusa da motar nan!" Nomau ya juya. Ya wuce bayan rumbu ya zauna, ko tuwo bai ci ba. Shi ma Sallau loma biyu ya yi ya ture kwano.

Wata rana, wato washegari, Sallau yana durƙushe shi kaɗai yana sake fiyus. Ya miƙa hannu yana laluben filaya, sai ya ji an sa masa ita a tafi. Ya waiwaya. Mutum ne tsaye da kwandon tumatir kife a kai har wuya, yana leƙe ta ramukan saƙa. Daga cikin kwando murya ta ce, "Yaya, ba ka ganin fuskata, ko? In kana gani in ƙara buhu." Sallau ya daɗe yana kallonsa. Ya miƙe, ya sa hannu biyu ya ɗage kwandon a hankali, ya kakkaɓe masa ƙaiƙayin da ya maƙale a gemu. Ya ce, "Na janye maganar. Fuskar nan ina son ganinta. Riƙe mini wannan." Hansai da ke leƙe ta katanga ta koma ciki tana share ido, tana cewa hayaƙi ne.

Wata rana, ranar kasuwa, aka loda albasa tun da sassafe, tirela ta cika fam. An zura ƙusa a ƙarfen ja, saura a jona wuta. Sallau ya nuna wa Nomau soket ɗin da ke jikin mota da kan wayar da ya fito daga tirela, ya ce, "Wannan mai ramuka ita ake kira mace, wannan mai haƙora shi ne namiji. Haɗa su, bari in sa riga." Nomau ya ja da baya ya ce, "Haka kawai, Yaya? Ba aure?" Sallau yana sauri, ya ce, "To ɗaura musu mana, ni dai ka hanzarta." Nomau ya ruga madafa ya ce, "Yaya Hansai, da me ake ɗaura aure?" Tana dama koko ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Angona, ai aure igiya uku ne da shi." Nomau ya kwance igiyar guga, ya ɗauko ta ɗaure jaki, ya haɗa da wadda ake ɗaure dami. Ya ga soket ya yi ƙanƙanta da ɗaukar igiya, ya ce a ransa to a ɗaura wa gidajen da suka fito. Ya zarga kowace igiya a ƙarfen mota ya kai ta wuyan tirela, ya ƙulle tam, sannan ya jona namiji da mace. Sallau ya fito ya ga igiyoyi suna ja da ƙasa, ya yi tsaki ya ce, "Yau garin nan za su sami abin dariya. Babu lokacin kwancewa, hau mu tafi." Nomau ya haye can ƙololuwar buhuna don ya tsare su.

Suka ƙetare rafin da ke bayan gari, suka fara hawan tudu mai duwatsu. Tsakiyar hawa taya ta faɗa wani rami, mota ta yi tsalle, ƙusar nan ta yi sama ta fice. Soket ya tsinke, tirela ta saki mota ta fara komawa baya, ga rafi da manyan duwatsu a ƙasa, ga Nomau a kan kaya. Igiyar dami ta miƙe ta tsinke. Ta jaki ta ɗan riƙe, ita ma ta ce tas. Sai igiyar guga ta ɗaure, ta yi ƙara, motar ta girgiza har Sallau ya bugi sitiyari da ƙirji. Tirela ta tsaya cak.

Sallau ya ja birkin hannu ya diro yana salati. Ya tura dutse a bayan taya ɗaya, ya tura a ɗayar, sannan ya miƙa hannu ya sauko da ƙaninsa. Ya shafa kansa, ya shafa kafaɗunsa, ya rungume shi. Nomau kuwa ta kafaɗar wansa yake leƙen igiyoyin da suka tsinke, fuskarsa cike da damuwa.

Ya ce, "Yaya, saki biyu ya yi mata. Tun ba a je ko'ina ba."

Sallau ya yi dariya hawaye na zuba, ya ce, "Na gani."

Nomau ya ce, "Amma saura igiya ɗaya, ai auren bai mutu ba, ko?"

Sallau ya ce, "Bai mutu ba. Taho mu yi biko."

Suka tsinto ƙusar a cikin ciyawa, suka mayar da ita, Sallau ya lanƙwasa mata waya a ƙasa don kada ta sake fita, ya gyara soket. Sannan ya tattaro guntayen igiyoyin ya miƙa wa ƙaninsa ya ce, "Kai ne waliyyi, ƙulla da hannunka. In mun isa kasuwa sarƙa zan saya musu." Nomau ya durƙusa yana ƙullawa, ya matso da bakinsa kusa da soket ya ce a hankali, "Ku riƙa haƙuri da juna. Mu ma a gidanmu haka ake yi."