Malam Shunayya

Ni na buga tebur a taron iyaye na masallacinmu da ke Wendover, na ce dole yaranmu su koyi Hausa duk Asabar, kuma ni zan koyar.

Hajiya Rabi, wata dattijuwa 'yar Nijar, ta ce, "Malam, za ka iya kuwa?"

"Haba Hajiya, haifaffen Kano ne fa ni!"

Ranar farko jikarta ta tambaye ni yadda ake cewa purple. Na yi tari, na gyara hula, na ce Hausa ba ta da wannan kala.

Kafin la'asar Hajiya ta kira ni. "To shunayya fa, Malam? Turanci ne?"

Shekara biyu ke nan, wallahi har matata Malam Shunayya take kira na.