Unguwar da Kwamfuta Ta Haifa

A wani gari da ake kira Dawo-Gobe, majalisa ta sayi sabuwar kwamfuta. Tsohuwar mai sauƙin kai ce: ka rubuta sunan fayil da manyan baƙaƙe ko ƙanana, duk ɗaya ne a wurinta. Sabuwar kuwa akwai tsantseni, babban baƙi daban, ƙarami daban, ko da sunan ɗaya ne.

A makon ne Inna Ladidi, shugabar matan Unguwar Kanwa, ta kai kuka cewa rijiyarsu ta rufta, sai rafi suke zuwa. Akawu Barau, wanda ke ƙyuyar danna maɓalli biyu lokaci guda don samun babban baƙi, ya ajiye kukan a fayil mai suna "unguwar kanwa". Da Ciyaman ɗin majalisar ya amince a haƙa musu sabuwa, sakatarensa ya ajiye amincewar a "UNGUWAR KANWA", wai maganar manya ba ta shiga ƙaramin baƙi.

Bayan wata uku Ladidi ta koma.

"Inna, taku unguwar ce ta roƙa, amma waccan aka ba," in ji Barau.

"Wace waccan, ɗan nan? Unguwar Kanwa ɗaya ce tun kaka da kakanni!"

"Ni dai biyu na gani. Kwamfuta ba ta ƙarya."

Abin da ke ba ni haushi, gyaran bai wuce a sake wa fayil suna ba, kafin shayi ya huce an gama. Amma majalisa ta kafa kwamiti, kwamiti ya gano sabuwar unguwa ba ta da kansila, aka naɗa mata ƙanen matar Ciyaman. Aka haƙa mata rijiya a cikin fayil, har da murfi da guga.

Da aka ji masu bincike na tafe daga birni, Ciyaman ya ce a mayar da komai tsohuwar kwamfuta, ita ta san mutunci. Ita kuwa da ta ga suna ɗaya sau biyu, sai ta tambaya wanne za a bari. Barau ya dubi Ciyaman, Ciyaman ya dubi silin. Fayil mai rijiya ya hau kan na kuka, unguwa ta koma ɗaya.

Jiya takarda ta iso wa Ladidi: ta tara mata ranar Laraba a yi wa Ciyaman godiya, kuma a taho da ruwan sabuwar rijiya, baƙi za su ɗanɗana.

Ta naɗe takardar cikin gammonta, ta ɗauki jarka, ta nufi rafi.