Ranar da Na Dafa Maganin Habu

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Roni ba. Ina da jikoki uku a lokacin, amma muna zaune ƙarƙashin darbejiya da littafi a cinya kamar ƴanmata, muna dariyar rubutun juna. Wallahi ina kewar zaman nan. Wata rana malamarmu ta zana mana ƙwayar cuta a allo, har da haƙora, ta ce tafasasshen ruwa ne ajalinta. Daga ranar na zama likitar gidanmu (ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina).

Ana nan sai jikana Habu, wanda nake ce wa maigida, ya kamu da gudawa bayan ya gama shan maganin tari. Bai daɗe da cika shekara ba. Yaro mai kumatu, cikin kwana kaɗan wuyansa ya yi siriri. Uwarsa Rabi, matar ɗana, ta kai shi asibiti ta dawo da haɗin ruwan gishiri da sukari, da wani gari a ƴan ƙananan ledoji.

"Inna, sista ta ce ƙwayoyi ne masu rai a cikin garin, a dama masa a ruwa mai sanyi."

"Masu rai? Ke Rabi, a cikin maigidana za ki zuba abu mai haƙora? Miƙo nan!"

Kullum da safe ni ke juye garin a tukunya, in bar shi ya tafasa sosai, in tsaya a kansa da ludayi kamar mai gadi. Rabi ba ta iya musu da suruka ba, sai dai ta share hawaye ta wanke zannuwa.

Da muka koma asibiti, layin mata ya cika. Sista ta ɗora Habu a sikeli, ta ɓata fuska. "Ana ba shi garin nan kuwa?"

Na miƙe tsaye (ba ni aka tambaya ba). "Ana ba shi, ƴata. Kuma ku gode Allah akwai mai ilimi a gidan. Sai na tafasa shi na kashe ƙwayoyin tas!"

Ta ajiye biro a hankali. "Hajiya, ƙwayoyin nan su ne maganin. Maganin tarin ne ya kore na kirkin da ke hanjinsa, muka aika wasu su maye gurbi. Ke kuma kika tare su a hanya kika dafa."

Sai wata Bafulatana mai goyo ta ɗago daga benci. "Ayya Inna, mu da ba mu shiga aji ba, sai madara ta huce muke zuba tsohon nono a ciki. In da zafi, ai ba ta kamawa."

Layi ya fashe da dariya. Na nemi inda zan sa fuskata, mayafi ya yi mini kaɗan. Sai da muka iso ƙofar gida na ce, "Rabi, ki dama yadda aka ce miki." Iyakar ban-haƙurin da bakina ya iya ke nan, ita ma ta gane.

Habu ya warware, yanzu shi ke gyara mini karatu. Ni kuwa tun ranar, in an koya mini darasi na ɗaya, nakan jira in ji na biyu kafin in hura wuta.