Shekara Uku Ina Gyara Kaina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na rusuna gaban mahaifin Rabi a Konni ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Tun muna 'yan makaranta a lakwal nake son ta, ita ma ta sani. Abin da ya cuce ni wani tsohon fim ɗin zane ne na Japan, mai kashi-kashi, da nake kallo a waya. Saurayin ciki matsoraci ne irina. Bai ce wa yarinyar da yake so uffan ba, ya tafi ya gyara kansa, ya dawo a kashi na ƙarshe ya tarar tana jiransa. Na ce to, ni ma haka zan yi.

Na tafi Malbaza na kama aiki a kamfanin siminti. Shekara uku. Ban je zance ba, ban tura kawuna gaisuwa ba, ko barka da Sallah da ta aiko min "amin" kawai na mayar (wai ni ina gina kaina).

Ranar da aka tabbatar da ni a aiki na saka shadda, na hau kabu-kabu daga tasha har ƙofar gidansu. Na ga tabarmi da dattawa, na ɗauka suna ake yi. Na ratsa mutane har gaban mahaifinta. Maimakon in durƙusa kamar ɗan mutane, sai na manna hannuwa a cinya, na lanƙwashe yadda na gani a fim. Na ce, "Baba, yanzu na cancanci Rabi."

Tsohon ya dube ni da tausayi, da ma dariya ya yi min.

"Ɗana, ɗan wa kake? Yanzun nan munka shafa fatiha, an ɗaura mata arme."

Ya miƙo min goro biyu. Na karɓa (har godiya na yi).

Ina shan kwanar lungu gwaggonta ta biyo ni. "Ta jiyo ka daga ɗaki, tana ta kuka. Mutum biyu ta kora tana jiran ka aiko. Mi ya hana ka magana?"

Na wuce tasha. Na yi ta hawaye a mota har muka wuce Tsarnawa, kuma har yau abin yana min ciwo.

Sai daga baya na gane cewa yarinyar fim ta jira ne don mai zanen bai zana mata wani manemi ba. Rabi kuwa mutum ce, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata a kashi na nawa muke.