Takin Gansakuka a Lambuna

Jama'a, yau da safe na tsaya da fartanya a kafaɗa ina leƙen lambuna kamar baƙo. An zagaye shi da jan ƙyalle, an ce ko ganyen alayyahu ɗaya kada in tsinka. Lambun da nake ci da iyali da shi tun kafin furfura ta san hanyar kaina. Bari in ba ku labari, ko na ji sanyi a ƙirjina.

Gidana yana bayan wani kamfanin batir. Ruwan da suke zubarwa ta lambatun gefen katangata yake bi, yau ja, gobe wata kalar da ba a raɗa mata suna ba. Ni da ruwan famfo nake ban-ruwa, shi ya sa alayyahuna ba ya kwantai a kasuwa.

Bara sai ga wata malama daga jami'a, da takalmin roba da jaka cike da kwalabe. Nan take unguwa ta sa mata suna Malama Mai Kwalabe. Ta sa aka gina tafki tsakanin kamfanin da lambatu, ta zuba gansakuka. E, ita dai, wadda ke tika mutum da ƙasa a bakin rijiya. Maƙwabcina Mai Faci ya ce, "Malama, wannan ma sai an je jami'a? Ki zo bayan ɗakina ki ɗiba, har na gode miki."

Ta yi dariya. Ta ce gansakukar tana tsotse dalma da sauran gubar ƙarfe daga ruwan, ta riƙe a jikinta kamar soso. In ta ƙoshi sai a kwashe ta da safar hannu, a kai inda ake binne guba. Ni bokona bai yi nisa ba, amma idona lafiya lau. Kafin damina ta fita ruwan ya washe, har kwaɗi suka dawo suna damun mu da kuka.

To kun san manya ba sa barin abin kirki ya wuce ba a ɗauke su hoto da shi ba. Aka ce Mai Girma Babban Mai Almakashi zai zo ya ƙaddamar. Malama kuwa ta yi tafiya, ba wanda ya ga dalilin jiran ta. Kwamitin tarba ya zo duba wuri, Mai Faci yana durƙushe yana ɗaura wa motarsu taya, komai a kunnensa. Shugabansu, wani mai tumbi da ƙamshin turare, ya leƙa tafkin ya ja da baya.

"Wannan ƙazantar za mu nuna wa Mai Girma? Kore shar haka?"

Na bayansa suka haɗa baki: "Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Aka kawo leburori da shebur da raga. Suka kwashe gansakukar tas, suka kankare bango, aka shafa farin fenti, tanka ta juye ruwa mai kyau. Ban taɓa ganin aikin hukuma ya yi sauri irin wannan ba, Allah ya ƙara musu kuzari.

Ranar biki aka ɗora ni a kujerar gaba, wai wakilin waɗanda suka amfana. Mai Girma ya leƙa ruwan, ya ga fuskarsa a ciki, ya ji daɗi.

"To ina gansakukar take?"

Mai Turare ya rusuna. "Ta zamani ce, ranka ya daɗe. Ba a ganin ta da ido."

"Madalla! Wannan shi ne ci gaba."

Almakashi ya yi aikinsa. Sai Mai Turare ya karɓi lasifika ya ce kwamitinsa ba ya almubazzaranci, don haka abin da aka kwashe daga tafkin an ba manoman unguwa kyauta su yi taki. Aka tafa. Ni ma na tafa, har da miƙewa tsaye. Ina cikin tafin ne na tambayi kaina: waɗanne manoma? Duk unguwar nan ni kaɗai ke da lambu.

Da takalmi ɗaya na isa gida. Uwar yarana tana bakin ƙofa, hannu a haɓa.

"Maigida, baƙinka sun zo da tifa. Na ce su jira ka, suka ce umarni ne daga sama."

Mutanen kirki, ba su jibge gansakukar a wuri ɗaya ba. Sun baje ta kunya-kunya, har ruwa suka yayyafa mata don ta kama ƙasa.

Da Malama ta dawo ta ga tafkinta fari fat, sai da ta nemi dutse ta zauna. Ta ɗibi ƙasar lambuna a kwalba, ta dawo da jan ƙyallen nan. Ta ce, "Baba, kada ku ci, kada ku sayar, sai an kwashe ƙasar gaba ɗaya." Na ce wa zai kwashe? Ta sunkuyar da kai.

Na tafi ofishin hukuma. Aka ce in kwantar da hankalina, an kafa kwamitin bincike. Na tura ƙofar shugaban kwamitin, ƙamshin turare ya tare ni.

"A'a, kai ne na takin nan? Godiya ka zo yi? Ba komai, aikinmu ne."

Jan ruwa ya dawo lambatu, kwaɗi sun kwashe kayansu. Amma kada a ce ba na yabawa. A da gubar nan wucewa kawai take yi ta gefen gidana, ko sallama babu. Yanzu an tace ta, an loda a mota, an kawo mini har gida, ban biya ko kuɗin dako ba. Ku dai in an ba ku kujerar gaba, ku bar wani a gida da sanda.